Ga masu shirin hawan Kwahu da keke

Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu shirin tashi daga unguwar Asawase ta birnin Kumasi zuwa tsaunukan Kwahu a ƙasar Ghana, ku tashi da an idar da sallar asuba. Daga Kumasi zuwa Nkawkaw kilomita 100 ne da 'yan kai, kuma hanyar Accra ce, tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ku bi gefe, a jere, kowa da fitilarsa ta baya.

Kada ku ƙarar da ƙarfinku tsakanin Ejisu da Konongo don kun ga hanya ta miƙe. Aikin yana bayan Nkawkaw, inda titi ke nannaɗe dutse zuwa Atibie da Mpraeso. Ku ci wani abu tun yunwa ba ta zo ba, ayaba ko dabino ko ƙosai, ku riƙa kurɓar ruwa da ɗan gishiri da sukari a ciki. Wanda ya jira sai ƙafa ta fara rawa ya makara. Tun kafin hawa ku koma giya mai sauƙi, don canja ta kana danne da feda shi ke tsinka kaca.

Gangarowa ta fi ba ni tsoro. Riƙe birki gam tun daga sama yana zafafa ƙarfen taya har tiyub ya fashe. A matsa, a saki, a rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Ku sa riga mai kauri a jaka, sama akwai hazo da sanyi da safe. Faci da famfo kuma kowa ya zo da nasa, don Allah.