Kurakuran da jagororin wasan D&D ke yi in za su shirya bikin gari

Duk wanda ya fara jan wasan Dungeons & Dragons ko Pathfinder, wato wasannin tebur da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa na riƙe da jaruminsa, ana jefa dayis a ga abin da zai faru, ba ya daɗewa sai ya ga ya kamata ya saka biki a labarinsa. Hujjarsa mai kyau ce: jaruman sun sha wuya a kogo, sun dawo gari da tabo da jakar zinariya, a bar su su sarara. Sai ya kwana yana rubutu, ranar zama ta zo, kafin a yi awa ɗaya mutum biyu sun koma kan waya, na uku yana tambayar yaushe za a fara faɗa. Kurakuran ba su da yawa, iri ɗaya ne ake ta nanatawa daga tebur zuwa tebur. Alƙaluman da zan kawo na bugu na biyar na D&D ne, wanda ya fito a 2014, amma maganar ta shafi duk wasan da ake jefa dayis mai fuska ashirin.

Wanda ya fi kashe zama shi ne jera rumfuna. Jagora ya rubuta rumfa goma sha biyu: harbin kibiya, jan igiya, kokawa, gasar cin gurasa, hawan gungume mai maiƙo, da sauransu. A kowace rumfa ɗan wasa ya ce zai shiga, ya jefa dayis sau ɗaya, in ya kai 15 ya ci kyauta, in bai kai ba a ce masa Allah ya ba da sa'a a gaba. Wannan caca ce, domin mutumin bai zaɓi komai ba, hannunsa kawai ya yi aiki. Kuma dayis mai fuska ashirin ba shi da kunya. Ɗauki mayaƙi mai ƙarin maki 7 a harkar ƙarfi, wato ana ƙara masa 7 a kan abin da ya jefa, ka haɗa shi kokawa da manomin da ba shi da ƙari ko ɗaya. In jifa ɗaya ne za ta raba gardama, manomin zai kayar da shi kusan sau ɗaya cikin biyar. Wanda ya shafe watanni yana gina gwarzonsa ba zai ji daɗin wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Sai wani ya ji haka ya ce to bari ya yi gasar tsakani da Allah, ya zarce gona da iri. Ya jera 'yan kokawa takwas, kowace karawa turmi uku. Yi lissafin da kanka: karawa 7, kowace turmi 3, kowane turmi jifa 2, abin zai iya kai jifa 42. A cikinsu ɗan wasa ɗaya ne kaɗai ke da jarumi a fili, sauran ukun suna zaune suna kallon jagora yana jefa wa mutanensa dayis, yana kayar da kansa da kansa. Haba malam! Mutane sun bar harkokinsu sun zo gidanka su yi wasa, ka mayar da su 'yan kallo?

Ni dai gasa uku nake shiryawa, ba na ƙarawa. Duk karawar da babu jarumin ɗan wasa a ciki na gama yanke ta a takarda tun a gida, jimla ɗaya ce a teburi: maƙerin garin ya kayar da mutum biyu, yanzu kai yake jira. Karawar da ta shafi ɗan wasa kuma, wanda ya fara cin turmi biyu shi ya yi nasara. Wannan kaɗai ya sauke sa'ar manomin nan zuwa kusan ɗaya cikin goma, ƙwarewa ta samu daraja amma ba a rufe ƙofar mamaki ba. Kafin kowane turmi ina ba shi zaɓi: ka shiga da ƙarfi, ko ka yi masa ƙafa da zafin nama, ko ka yi wata ƙazamar dabara da za ta ba ka damar jefa dayis biyu ka ɗauki babba, amma in alƙalin wasa ya gani an kore ka a gaban gari. Sauran 'yan wasan ma da aikinsu. Mawaƙi ya yi masa kirari daga bakin fili, in ya yi kyau abokinsa ya samu wannan damar ba tare da maguɗi ba. Ɓarawo ya zagaya wurin masu zuba kuɗi a kan karawar. Mai idon lura ya hango cewa abokin karawar ya shafe jikinsa da mai. Da haka minti goma sha biyar ya isa, kuma ba wanda ya taɓa wayarsa.

Kyautar ma a daina sa zinariya. A littafin dokoki ladan ɗan ƙwadago a yini azurfa 2 ne, gurasa tagulla 2. Zinariya ɗaya azurfa 10 ce. Ka sa zinariya 500 a gasar ƙauye, ka ba da ladan yini 2,500 ke nan, kusan shekara bakwai, to wa ya tara kuɗin? A Nijar takobi ake ba wanda ya lashe kokawar ƙasa, kuma ba don ƙarfen ake kashe kai a kansa ba. Ka ba da abin da ke buɗe ƙofa: wanda ya ci shi zai zauna kusa da sarki a walimar dare, ko shi zai riƙe tutar gari a jerin gwano, ko yana da ikon roƙon abu ɗaya a bainar jama'a. Yanzu in jaruman na neman ganin sarki kuma fadawa sun hana, gasar ta zama hanya.

Kuskure na biyu da ya ishe ni shi ne harin ƙarshen biki. Ana tsakiyar rawa sai 'yan fashi, ko dodo ya keto daga sama, ko matattu su taso daga maƙabarta. Kowa ya san haka za a yi. 'Yan wasan da suka ɗan jima a harka, da ka ce akwai biki sai su ƙi cin abinci, su ƙi cire sulke, su raba kansu kusurwa huɗu suna gadi. Kai ka koya musu hakan. Ka ce su huta, sannan ka hukunta wanda ya huta. Duba abin da dokar ta ce: sulke mai nauyi minti 10 ake yi ana sa shi, zagayen faɗa ɗaya kuwa daƙiƙa 6 ne. Mayaƙin da ya yarda da kai ya sa rigar biki ya ajiye takobinsa a ƙofar gari, ba zai ƙara ganin sulkensa ba har a gama. Matsafi kuwa ba abin da ya rasa, tsafinsa na bakinsa. Ɗan wasa ɗaya ka zalunta, kuma shi ne wanda ya ba labarinka haɗin kai.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Jagora ya manta cewa fili cike yake da mutane. Matsafi ya saki dunƙulen wuta, wanda ke cin taku 20 ta kowane gefe. In kowane murabba'i na taswira da mutum ɗaya, kusan mutum hamsin ke nan a ciki. Talakan gari makin rai 4 gare shi, in sun ƙare ya faɗi, ɓarnar tsafin kuwa jimillar dayis takwas masu fuska shida ce, ko ya kauce ya sha rabi ya faɗi. Sai jagora ya rasa ta cewa: ko ya yi kamar bai gani ba, garin ya zama na kwali, ko ya mayar da jaruman masu kisan jama'a a kan abin da shi ya jawo. In dole sai an yi faɗa a cikin taro, ka faɗi dokar tun kafin a jefa dayis na farko. Tafiya cikin cunkoso ninki biyu take ci, mai yin taku 30 a zagaye ɗaya ya yi 15. Wanda ke bayan mutane yana da ƙarin 2 a kariyarsa. Bayan zagaye uku jama'a sun watse. Kada ka jefa wa kowane mai gudu dayis, taron gaba ɗaya abu ɗaya ne.

Amma abin da na fi so shi ne matsalar ta fito daga cikin bikin, ba daga bayan ganuwa ba. Biki shi ne ranar da mutanen da ba sa haɗuwa ke tsayawa wuri ɗaya, kuma akwai abin da dole a yi shi a kan lokaci a gaban kowa. Tambarin da za a buga da almuru ya ɓace tun safe. Gidaje biyu na rigimar wanda zai fara wucewa a gaban sarki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san jerin nan ba abin wasa ba ne. Wanda ya saba lashe tseren doki an biya shi ya faɗi, 'yarsa ta sani. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ya isa, biyu in zaman zai kai awa huɗu. Ana iya warware su da baki, da sata, da cin gasa, ko da naushi a bayan rumfa in 'yan wasan suka ga dama.

Wannan ba ya tafiya sai da agogo. Ina raba yinin gida huɗu a kan takarda ɗaya: hantsi, tsakar rana, la'asar, almuru. A ƙarƙashin kowanne layi biyu, abin da gari ke yi a fili da abin da zai faru in jaruman ba su sa hannu ba. A kowane kashi kowane ɗan wasa abu ɗaya zai yi, na zagaya tebur, sannan a buga ganga lokaci ya matsa. Gasa biyu nake sawa a lokaci guda da gangan, don su rabu ko su zaɓa. In sun rabu, ba na barin kowane ɓangare ya wuce minti biyar ban juya ga ɗayan ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka karanta shafi guda na tarihin bikin. Jimla uku ta isa, ƙamshi ɗaya, sauti ɗaya, abu ɗaya da babu shi a wani gari, sauran su ji a bakin tsohuwa mai tuyar ƙosai in sun tambaya. Amma kai ka san dalilin bikin, girbi ne, ko tuna yaƙi, ko naɗi, domin shi zai gaya maka irin gasar da ta dace. Garin masunta kamun kifi zai yi, kamar yadda Argungu ke yi, ba tseren raƙuma ba. Rubuta sunaye goma a gefe tun a gida, domin sai sun tambayi sunan yaron da ba ka shirya ba. Mutum biyar masu magana sun isa, kuma biyu a cikinsu su zama waɗanda jaruman suka riga suka sani. Kada ka shimfiɗa taswira mai murabba'ai tun farko, da sun gan ta sun san faɗa na tafe, zanen hannu mai wurare biyar ya wadatar. 'Yan sane kuma sau ɗaya, kuma yaron ya gudu ta inda kake son su bi. Kada ka sayar da kayan tsafi a rumfar biki sai in ka yarda ɓarawon tawagar zai gwada sa'arsa, kuma ka riga ka rubuta lambar da zai kai da abin da dogarai za su yi masa in an kama shi.