Yadda Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya ta Damagaram Za Ta Ƙetare Iyaka Ba Tare da Tuntuɓe Ba

Daga Damagaram zuwa Kano kusan kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900. Marasa lafiya sun daɗe da sanin wannan lissafi. Mutumin Magarya ko Matamaye kan nemi magani a Daura ko Kano, na Babura da Maigatari su ma su shigo asibitocinmu. Don haka daidai ne ƙungiyoyin ungozomomi, da ma'aikatan jinya, da masu awon jini, da masana magunguna na jihar nan su yi tunanin miƙa hannu ƙetaren iyaka. Sai dai kusancin hanya da harshe ɗaya su ne ke ruɗin shugabanni, har su ɗauka aikin bai wuce a shiga mota a bi ta Ɗan Barto a buɗe ofis ba. Hausar ɗaya ce, amma doka biyu ce, kuɗi biyu ne, tsarin karatu ma biyu ne.

Kati daban, lasisi daban

Wannan shi ne abin da za ku fara fahimtar da mambobinku tun kafin a kashe ko dala. Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai majalisar da doka ta kafa don ba da izinin aiki da ladabtarwa, irin Ordre des Médecins a nan Nijar. Akwai sandika mai kare albashi da haƙƙin ma'aikaci, kamar SUSAS ta ma'aikatan lafiya da SYNPHAMED ta likitoci da masana magunguna. Sannan akwai ƙungiyar sana'a, wadda aikinta ilimi ne da horo da zumunci. Ta ukun ce kaɗai ke iya faɗaɗa zuwa wata ƙasa cikin sauƙi, ita ma katinta ba ya ba kowa damar taɓa mara lafiya.

A Najeriya, kowace sana'a da majalisarta: likita sai da rajistar MDCN, ma'aikacin jinya da ungozoma sai da ta NMCN, masanin magunguna PCN, mai awo a dakin gwaji MLSCN. Wanda ya yi karatu a waje yakan zauna jarrabawar tantancewa kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Ko aikin jinƙai na kwana uku za ku je yi, kamar tiyatar ido ko gwaiwa kyauta, kowane likita sai ya sami rajistar wucin gadi daga MDCN, kuma asibitin da ya gayyace ku shi zai tsaya masa. Inda ake faɗawa rami shi ne a ce ai mai gari ya yarda, ai shugaban asibiti ɗan'uwa ne. Muddin komai ya tafi lafiya ba wanda zai tambaya. Ranar da aka rasa rai a kan gadon tiyata, tambayar farko ita ce lambar rajista, kuma wanda ya riƙe wuƙar shi zai amsa shi kaɗai.

Ta ɓangaren yamma abin ya fi sauƙi. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ta fitar da umarni a 2005 kan ƴancin zirga-zirga da zaman likitoci tsakanin ƙasashenta, ta ƙara na masana magunguna da likitocin haƙori a 2008, kuma hukumar CAMES da ke Wagadugu tana tantance daidaiton takardun digiri. Duk da haka sai an yi rajista da majalisar ƙasar da aka sauka, a kai mata takardar da ke nuna ba a taɓa dakatar da mutum a gida ba. Najeriya ba ta cikin UEMOA, ba ta cikin CAMES. Ku kuma tuna Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO (ECOWAS) ranar 29 ga Janairu 2025, saboda haka duk wani tanadi da kuka saba dogaro da shi ta hanyar hukumar lafiyarta ta OOAS, ku nemi tabbacinsa a rubuce kafin ku gina shiri a kansa.

Ku fara da takardun gida

Babu takwarar kirki a waje da za ta sa hannu da ƙungiyar da ba ta da arete, wato takardar izinin aiki daga gwamnati. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar ita ce ta 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, kuma izinin aiki daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Ku haɗa waɗannan a fayil ɗaya: kofin arete, shafin Journal Officiel da aka buga sanarwar, tsarin mulkin ƙungiya da dokokin cikin gida, rahoton babban taron da ya zaɓi biro mai ci, rahoton kuɗi na shekara biyu ko uku, da jerin mambobin da suka biya kuɗinsu. A fassara su zuwa Ingilishi wurin mai fassara da aka rantsar, da hatiminsa.

Ku buɗe tsarin mulkin ku karanta sakin layi na manufa da na mambobi. Da yawa an rubuta cewa ƙungiya tana aiki a faɗin ƙasar Nijar, mamba kuma ɗan ƙasa ne. Idan haka ne, sai an kira babban taro an gyara, an kai gyaran ga hukuma, kafin ku karɓi kuɗin baƙo. Idan kuma ku reshen Damagaram ne na wata uwar ƙungiya da ke Yamai, ba ku da ikon sa hannu da kanku. Ku nemi wakilci a rubuce daga biro na ƙasa.

Ta wace ƙofa za a shiga

Shawararmu ita ce a fara da yarjejeniya da takwara, a yi shekara biyu ana aiki tare kafin a yi maganar reshe. Najeriya tana da NMA ta likitoci da NANNM ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, kowace da rassanta a Kano da Katsina da Jigawa. Wanda ya zo garinsu ya fara sayar da kati, za su ɗauke shi kishiya, kuma suna da gaskiya. Wanda ya zo da sallama ya ce a haɗa horo kan jijjigar masu ciki, ko tamowar yara, ko sanƙarau da ke addabar ɓangarorin biyu a lokacin zafi, za a shimfiɗa masa tabarma. Yarjejeniyar kada ta wuce shafi uku ko huɗu, amma ta fayyace abubuwa biyar: ayyukan da za a yi da ranakunsu, wanda zai biya mota da masauki da abinci, yadda za a yi amfani da suna da tambarin kowa, wane rubutu ne abin dogaro idan Faransanci da Ingilishi suka saɓa, da yadda za a rabu, misali da sanarwar wata uku. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, don a ranar sa hannu kowa fuskarsa a sake take.

Buɗe reshe mai rajista a Najeriya aiki ne na lauya. Ana yi ne a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a matsayin amintattu masu rajista. Za a tanadi suna, a naɗa amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi lambar haraji, da BVN, wato lambar shaidar banki, na masu sa hannu, sau da yawa har da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, sannan akwai rahoton da ake kai wa CAC kowace shekara. Abin lura a nan shi ne a idon doka amintattun nan su ne masu riƙe da dukiyar reshen, ba biro na Damagaram ba. Idan ba a rubuta a tsarin mulkin reshe yadda uwar ƙungiya za ta sauke amintacce ko ta janye sunanta ba, duk ranar da aka ɓata, asusu da suna suna hannun wanda ke can.

Reshen mambobinku da ke aiki a Turai bai kai haka wuya ba. A Faransa mutum biyu sun isa su kafa ƙungiya ƙarƙashin dokar 1901.

Shiga manyan ƙungiyoyin duniya kuwa, irin ICN ta ma'aikatan jinya da ke Janeba, wadda aka kafa a 1899, ko ICM ta ungozomomi da FIP ta masana magunguna da ke birnin Hague, ko WMA ta likitoci, galibi ta hannun ƙungiyar ƙasa ake bi. Ƙungiyar jiha ta bi ta Yamai. SIDIIEF da ke Montréal tana karɓar ɗaiɗaikun ma'aikatan jinya masu aiki da Faransanci, ita ce ƙofa mafi kusa ga wanda bai ƙware a Ingilishi ba. Likitocin tiyata kuma suna da kwalejin Afirka ta Yamma mai mazauni a Legas, wadda ke aiki da harsunan biyu.

Maganar kuɗi

Sefa a ɗaure take da Yuro a kan sefa 655.957 kowace Yuro ɗaya. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023: Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Duk ƙungiyar da ta yanka kuɗin mamba da naira kafin wannan lokaci ba ta sake dubawa ba, abin da ke shigo mata ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku. Idan kuma aka ce dole a biya daidai da sefa, a ce jaka guda a wata, ma'aikaciyar jinya mai karɓar albashi da naira za ta ga kuɗin ya ninka mata sau uku ba tare da an ƙara mata komai ba, sai ta daina biya.

Mafita ita ce kowace ƙasa ta yanka kuɗinta da kuɗin ƙasarta gwargwadon albashin can, a riƙa dubawa duk wata shida, a kashe mafi yawansa a inda aka tara shi. Abin da za a turo wa uwar ƙungiya ya zama kaso, misali kashi 15 ko 20 cikin ɗari, maimakon adadi tsayayye. Asusu ya kasance da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu. Kada kuɗin ƙungiya ya bi ta wayar ma'aji ko ta hannun ɗan canji ba rasit, ko da ya fi sauri da araha. Ba rashin amana muke zargi ba, amma mai binciken kuɗi ba ya karɓar "na ba wane ya kawo". Masu duban Cadi su sani sefar can ta bankin BEAC ce, tamu ta BCEAO; darajarsu ɗaya a takarda, amma sai an yi canji, kuma canjin yana cin wani abu.

Wa ya cancanci zama mamba, da yadda za a yi horo

Muƙamai ba su yi daidai ba. Muna da IDE (ma'aikacin jinya mai difloma ta ƙasa), da ungozoma mai difloma ta ƙasa, da ASB (ma'aikacin lafiya na matakin farko). Can suna da RN da RM (ma'aikacin jinya da ungozoma masu rajista), da CHEW da CHO (ma'aikatan lafiyar al'umma). Majo, wato ma'aikacin jinya mai riƙe da ƙaramin asibiti na CSI a ƙauyen Kance, yana duba mara lafiya ya rubuta magani, aikin da a can aka rarraba shi wata hanya dabam. Kada ku fassara sunan muƙami. Ku zana jadawali mai layi huɗu: takardar da aka shiga makaranta da ita, shekarun karatu, hukumar da ta ba da izinin aiki, da ayyukan da doka ta yarje masa. Da shi za ku tantance cikakken mamba mai ƙuri'a da mamba na haɗin gwiwa. Ku kuma ƙayyade kujerun kowace ƙasa a babban taro tun da wuri, domin jihar Kano kaɗai ta ninka jihar Damagaram yawan jama'a, kuma idan ƙuri'a ta koma ta yawan kai, a zaɓe ɗaya shugabanci zai tashi daga nan.

Horo shi ne abin da mamba ke biyan kuɗi dominsa. Abokan aikinmu na Najeriya suna bukatar makin ƙarin ilimi kafin a sabunta musu lasisi, kuma makin ba ya ƙirguwa sai idan majalisarsu ta amince da mai ba da horon. Takardar halarta mai hatimin ƙungiyarku kaɗai ba za ta amfane su ba. Ku shirya taron tare da takwarar da ke da wannan amincewa, a fara neman izini wata uku kafin ranar.

A zauren horo Hausa ce za ta haɗa ku, kuma tun Maris 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar. Amma a kula da ma'auni. Namu zai ce hawan jini 14/9, nasu ya ce 140/90. Wannan da sauƙin ganewa. Sukari ne mai haɗari. Mu da giram a lita muke aunawa, su kuwa sau da yawa da milimol, kuma giram 1.26 shi ne milimol 7. A ce an rubuta 2.5 a takardar mara lafiya ba a sa ma'auni ba. Mai karanta shi da giram zai ga sukari ya hau sosai, ya nufi insulin. Mai karanta shi da milimol zai ga sukari ya faɗi ƙasa, ya ɗauko ruwan gulukos da gudu. Saboda haka kowane allo da kowace takardar tura mara lafiya su ɗauki ma'aunin biyu, magani kuma a rubuta shi da sunansa na asali, ba sunan kamfani ba.

Bayanan mambobi da na marasa lafiya ma suna da doka: hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP ke kula da su a Nijar, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 2023. Hoton raunin mara lafiya da fuskarsa ko sunansa kada ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya, ko da neman shawara ake yi. Haka nan idan kamfanin ɗaukar ma'aikata zuwa waje ya nemi jerin mambobinku a madadin ɗaukar nauyin taro, ku ƙi. Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba.

Idan aka rufe iyaka

An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Shirin da ba ya tafiya sai mutane sun ƙetare zai tsaya cik. Ku sa a yarjejeniya cewa taron da aka yi ta intanet halastacce ne kuma ƙuri'arsa tana aiki, kowane ɓangare ya iya gudanar da horonsa shi kaɗai na tsawon shekara, kuma kada a biya kuɗin zaure ko masauki gaba ɗaya sai ana saura mako biyu. Idan tafiyar ta tabbata, kowane wakili ya riƙe takardar tafiya aiki daga shugabansa, da wasiƙar gayyata, da fasfo, da katin rigakafin shawara. Kayan aiki irin na'urar duban ciki a rubuta lambobinsu a nuna wa duwan tun a fita, don kada a nemi haraji a dawowa. Magani kuwa kada a ɗauka a jaka. A aika jerin abin da ake bukata ga takwara, ta sayi a can wanda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta yi wa rajista, ta ajiye rasit.