Yadda Za Ki Haɗa Ƙaramar Piza Marar Yawan Maiƙo

Ki fara kunna obin ya kai digiri 200 na Salsiyas. Ki nemi faffaɗan burodin alkama wanda ba a cire wa dusa ba, domin ya fi riƙe ciki.

Ki markaɗa tumatir da tafarnuwa, ki dafa har ruwan ya tsotse. Kada ki yi gaggawa a nan, miya mai ruwa jiƙa burodin take yi ya kwaɓe. Gishiri kaɗan ya isa, tunda cuku yana da nasa.

Sai ki shafa ta sama-sama, ki jera albasa, koren tattasai da dafaffiyar tsokar kaza maimakon sosej. Cukun mozarela kuwa barbaɗawa ake yi, ba tulawa ba.

Ki gasa minti 8 zuwa 10, har cukun ya narke, gefen ya yi ja.