Yadda ake karanta hunturu kafin a nemi lasisin farautar barewa mai kunnen alfadari

A yammacin Amurka da Kanada akwai wata barewa mai manyan kunnuwa irin na alfadari, kuma daga kunnen ta samo sunanta. Wutsiyarta fara ce mai baƙin baki. Namijin yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa kowace shekara, sabo ya tsiro. Idan ta firgita takan yi tsalle da ƙafafu huɗu lokaci guda, kamar an sa mata sifirin a ƙafa. Ba a farautarta sai da lasisi, galibi a watan Oktoba, kuma wuraren da suka fi kyau sai an shiga ƙuri'a. A jihohi da dama, wanda bai ci ba yakan samu makin da zai ƙara masa damar ci a gaba ya ajiye, har wani ya shekara goma yana tarawa. Ranar da ya ci, makinsa sun tafi gaba ɗaya, ko ya ga barewa ko bai gani ba.

Shi ya sa maharbin da ya san abin da yake yi yakan fara duba hunturu kafin ya duba bindigarsa. A hunturun 2022 zuwa 2023, garken tsaunukan yammacin jihar Wayomin, wanda ya yi suna da manyan maza, ya faɗo daga kusan 30,000 zuwa wajen 11,000. Dukkan 'ya'yan barewar da masu bincike na Jami'ar Wayomin suka ɗaura wa abin wuya mai na'ura sun mutu, kuma fiye da rabin iyayen mata sun bi su. Arewacin Yuta, kudu maso gabashin Aidaho da arewa maso yammacin Kolorado su ma sun ɗanɗana. Ga yadda ake bin irin wannan lamari tun kafin a biya kuɗin nema.

Na farko: fara da watannin da suka gabaci sanyi

Barewar nan da kitse take cin hunturu. Abin da take samu a lokacin sanyi ganye ne da tsinken ƙananan bishiyoyin daji, irin wanda ake kira sagebrush da ɗan'uwansa bitterbrush, kuma ba ya ƙosar da ita. Kullum abin da jikinta ke ƙonawa ya fi abin da ta ci. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Afrilu ramewa take yi a hankali, tambayar kawai ita ce wanne zai riga ƙarewa, kitsen ko sanyin.

Don haka ka koma watannin Yuni zuwa Satumba. An yi ruwa a yankin ko fari aka yi? Ciyawar kan tsauni ta daɗe kore? Duk wanda ya taɓa kiwo ya san cewa dabbar da ta shiga rani da ƙiba ita ke ganin damina, to haka abin yake can, sai dai su lokacin yunwarsu shi ne lokacin ƙanƙara. Hunturu matsakaici bayan shekarar fari yana iya kisa fiye da mai tsanani da ya zo bayan shekarar yalwa. Hukumomin namun daji na jihohi da dama suna kama wasu matan barewa da jirgi mai saukar ungulu a Disamba, su auna kaurin kitsensu da na'ura, su auna nauyin 'ya'yan. Idan rahoton ya ce 'ya'yan sun shiga sanyi da ƙarancin nauyi, Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu: auna dusar ƙanƙara a inda barewar take kwana

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka tana da tashoshin auna dusar ƙanƙara da ake kira SNOTEL, kowa na iya duba alƙalumansu a intanet kyauta. Sai dai yawancinsu can saman tsaunuka aka kafa su, domin lissafin ruwan da zai gangaro koguna aka yi su. Barewa ba ta can a Janairu. Ta riga ta sauko kwari da gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ke bugawa, iska kuma ke share ƙasa. Wasu garken tafiya mai nisa suke yi kafin su iso: akwai wanda ke cin kimanin kilomita 240 tsakanin kwarin Hoback da yankin Red Desert, duk a Wayomin. Saboda haka sai ka fara gano inda garken da kake nema yake cin hunturu. Ga garken tsaunukan Wayomin, alal misali, kewayen garuruwan La Barge, Big Piney, Kemmerer da Cokeville za ka sa wa ido. Kyamarorin da hukumomin hanya ke kafawa a gefen titi suna da amfani ƙwarai a nan, domin za ka ga ko kawunan bishiyoyin suna leƙowa ko sun nutse.

Abu uku kake nema. Zurfi: da zarar dusar ta kusa rabin mita, tafiya ta zama wahala, musamman ga 'ya'yan da ƙafafunsu gajeru ne. Sai ɓawo, wanda a ganina ya fi zurfin muni. Idan rana ta ɗan narkar da saman, ko aka yi yayyafi, sannan dare ya daskarar da shi, sai ya zama kamar faranti. Barewa ba ta iya tonawa ta kai ga abinci, tana takawa tana burmawa, ƙafafunta suna yankewa, alhali dilan Amurka mai sauƙin nauyi yana gudu a samansa ba ya nutsewa. Na uku shi ne tsawon lokaci. Guguwa ɗaya mai ƙarfi a Janairu, in ta narke cikin mako biyu, ba ta cika yin ɓarna ba. Wadda ta sauka tun Nuwamba ta ƙi tashi har Afrilu, ita ce mai ƙarar da garke. Yawancin mutuwar a Maris da Afrilu take faruwa, lokacin da mutanen gari ke cewa ai sanyi ya wuce. Kada ka yanke hukunci a Fabrairu.

Na uku: nemi labarin masu abin wuya

Na'urar da ke wuyan barewa tana aika saƙo idan ta daina motsi na wasu awoyi, ma'aikata su je su ga abin da ya kashe ta. Daga nan ake fitar da kason da ya rayu, kuma hukumomi kan sanar da shi daga Maris zuwa Mayu. Ka karanta shi bisa tsarin yadda mutuwar ke tafiya. 'Ya'yan da aka haifa a Yuni su ne farkon faɗuwa, domin abin da suka ci girma ya tafi, bai zama kitse ba. Ko a shekara mai sauƙi wani kaso mai yawa cikinsu ba ya kaiwa bazara. Bayansu sai manyan maza, waɗanda suka ƙarar da kitsensu a barbarar Nuwamba, suna bin mata suna faɗa, ba su damu da ci ba. Sai tsofaffin mata. Matan da ke tsakiyar ƙarfinsu su ne ƙarshen mutuwa, kuma a shekarar lafiya takwas zuwa tara cikin goma suna rayuwa.

Wannan lambar ta ƙarshe ita ce ma'auninka. In 'ya'ya kaɗai aka rasa, kamar yadda galibi ke faruwa, garke zai rame ya murmure. In aka ce an rasa kashi uku ko huɗu cikin goma na manyan mata, to masu haihuwar ne suka tafi, kuma maganar shekaru ake yi.

Na huɗu: in kana kusa, je ka gani, amma a kan lokaci

Gani ya kori ji. Idan ka tarar da gawa a filin hunturu, fasa ƙashin cinya ka duba ɓargon. Fari mai tauri kamar kyandir yana nufin wani abu ne ya kashe ta tana da ƙarfinta. Ja mai ruwa-ruwa yana nufin yunwa ta cinye har kitsen cikin ƙashi. Sa safar hannu, domin akwai cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa a yankuna da yawa.

Sai dai kada ka je da wuri. Barewar da ta rage da kitsen mako biyu, in ka sa ta gudu sau uku, ka kashe ta ba da harsashi ba. Wannan ne dalilin da ya sa Wayomin ke hana tsintar ƙahon da maza suka zubar a filayen gwamnati na yammacin jihar daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu, Yuta ma ta rufe tsintar a duk faɗin jihar daga Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu a 2023. Kuma kada tausayi ya sa ka zuba musu masara ko busasshiyar ciyawar shanu. Ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu sun saba da ganyen bishiya, canjin gaggawa yana lalata su, har a tarar da barewa ta mutu cikinta cike. Inda hukuma ta ciyar, kamar kwarin Gunnison na Kolorado a hunturun 2007 zuwa 2008, abinci na musamman aka haɗa.

Na biyar: ƙirga shekaru gaba

Ga inda lissafin yake da daɗi, kuma nan ne akasarin masu nema ke tsayawa da wuri. Suna duba hunturun bara kaɗai. Ɗauki ɗan barewar da aka haifa a Yunin 2022 ya mutu a Maris na 2023. Da ya rayu, a Oktoban 2023 shi ne matashin mai ƙaho rassa biyu, irin wanda ke cika motocin maharba a wuraren da lasisi ba shi da wuyar samu. To a shekarar farko mai neman nama ne ke jin jiki. Mai neman babban ƙaho kuwa, namiji ba ya cika sai ya kai shekara huɗu zuwa shida. Giɓin da wancan hunturun ya bari zai same shi ne a 2026, 2027 da 2028, lokacin da kowa ya manta an yi sanyi.

Giɓin ma ba na shekara ɗaya ba ne. Matan da suka tsira suna ɗauke da ciki ne duk tsawon wahalar, cikin barewa kuwa kusan kwana 200 ne. Suna haihuwa a rame, 'ya'yan su zo ƙanana, nono ya yi ƙaranci, da yawa su mutu cikin makonnin farko. Saboda haka haihuwar 2023 ma ta raunana, haihuwar shekaru biyu ke nan a jere. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan uwa in ta yi rarrafe ɗan ma yana yi: bincike a kan barewa ya nuna namijin da uwarsa ta ɗauki cikinsa cikin yunwa yakan tashi da ƙaramin jiki da ƙaramin ƙaho, ko da daga baya ya samu abinci.

Akwai sauƙi a ɗaya gefen. Dusar da ta yi kisa ita ce ke narkewa ta shayar da ƙasa, ga kuma bakunan ci sun ragu. Waɗanda suka tsira sukan yi ƙiba, tagwaye su yawaita bayan shekara ɗaya ko biyu. Don haka ka jera hunturu biyar na baya a takarda, ka sa alama a kan munana. A Wayomin za ka ga 2016 zuwa 2017 ma ya kwashe kusan dukkan 'ya'yan da ake bi, wato garken bai gama farfaɗowa ba aka sake buga shi.

Na shida: kada alƙaluma su ruɗe ka

Kowace Disamba ana ƙirga maza nawa da 'ya'ya nawa ke akwai a kan kowace mace 100. Masana kan ce ana buƙatar 'ya'ya wajen 66 kafin garke ya riƙe yawansa ko ya ƙaru. Lambar 'ya'yan abin dogaro ce. Ta maza kuwa tana da wayo: in maza da mata sun mutu tare, kason zai fito lafiya lau alhali rabin garken babu.

Kason nasarar maharba ma haka yake. Bayan mugun hunturu hukuma kan rage lasisi, ta gajarta kwanaki, ta soke harbin mata, kamar yadda Wayomin da Kolorado da Yuta suka yi a 2023. Mutane kaɗan suka fita, sai kason ya ƙi faɗuwa sosai. Ka duba jimillar da aka harba da yawan kwanakin da maharbi ya yi kafin ya samu. Sannan ka tuna dusar ƙanƙara iri biyu ce a wajen maharbi. Wadda ta sauka a Oktoba abokiyarsa ce, tana koro barewa ƙasa, tana nuna sawu, nasara ta yi sama ko da garken bai ƙaru ba. Shekarar da kaka ta yi zafi da bushewa, barewa na nan amma ta lafe cikin duhun bishiyoyi, sai a yi ta kukan babu.

Na bakwai: zaɓi

Kolorado tana rufe karɓar takardun nema a farkon Afrilu, wato kafin a gama sanin ɓarnar, don haka can da hasashenka za ka yi aiki. Wayomin takan kai ƙarshen Mayu, ka samu damar jiran rahoto. In alamu sun munana kuma makinka da yawa, sayi makin bana ka ajiye. In dole sai ka fita, matsa wani yanki. Mugun hunturu ba ya rufe yamma gaba ɗaya, kwari biyu masu maƙwabtaka ma kan bambanta, kuma a hamadar kudu, irin su Arizona, shekarar da ta jiƙe ita ce shekarar manyan ƙahoni.

Wanda ya riga ya ci lasisi a yankin da aka yi asara sai ya ƙara kwanaki, ya rage yawo. Nemi tudu mai kallon fili, ka zauna da madubin hangen nesa tun kafin gari ya waye, ka koma da la'asar. Kwarin da ka saba ganin maza goma wataƙila biyu za ka gani bana, kuma ƙila sai a kwana na huɗu. In ka samu, ka tsaya a shingen binciken hukuma su cire haƙori ɗaya, domin da shi suke gane shekarun dabbar, kuma daga nan alƙaluman da za ka karanta baɗi suke fitowa.