Hamma baki rufe: yadda na koma jin ƙamshi bayan an cire mini maƙogwaro

Wata bakwai da yi mini aiki, ina zaune a tsakar gida, uwargida ta bar mini tsaron tukunya ta shiga maƙwabta. Shinkafa ta ƙone ƙurmus a bayana, sai da yaro ya shigo da gudu yana cewa, "Baba, hayaƙi!" Ni ko ƙauri ban ji ba. Ranar na tabbatar ba murya kaɗai ciwon daji ya raba ni da ita ba.

Hancin kuwa lafiyarsa lau. Inda ake jin ƙamshi yana can sama cikin kogon hanci, kuma sai iska ta ɗauko ƙamshin ta kai masa. Mu da aka cire wa akwatin murya gaba ɗaya, ta kafar wuya muke numfashi, iska ta daina bi ta hanci. Shi ya sa abinci ma yake zama lami: gishiri da zaƙi da tsami harshe ke ji, amma daɗin daddawa da man shanu aikin hanci ne.

Dabarar da ta fisshe ni daga Amsterdam ta fito, a Cibiyar Ciwon Daji ta ƙasar Holan, inda Farfesa Frans Hilgers da abokan aikinsa suka bayyana ta a shekarar 2000. A gwajinsu na farko, kusan rabin waɗanda ba sa jin komai sun fara ji bayan zama ɗaya na rabin awa. Ni dai ban shiga wannan rabin ba, sai da na yi mako uku ina fama. Mai koyar da magana a asibiti ce ta nuna mini, kuma ba ta yarda na fara ba sai da likita ya ce ɗinki ya warke. Kai ma ka jira wannan izinin.

Ka taɓa jin hamma ta taso maka a gaban suruki, ka danne ta ba tare da ka buɗe baki ba? To, dabarar ke nan. Ka haɗe leɓɓa gam, kada ko kaɗan iska ta shiga. Ka ɗora kan harshe a ganɗa, bayan haƙoran sama. Sannan ka sauke haɓa da gindin harshe ƙasa, har ka ji cikin baki ya yi faɗi kamar ka ɓoye ƙwai. Wannan faɗin ne ke zuƙo iska ta hanci, tamkar yadda zuga-zugin maƙeri ke jan iska idan an buɗe shi. Ka mayar, ka sake, da ɗan sauri, sau biyar ko shida a jere. Sau ɗaya ba ya wadatarwa.

Kuskurena na farko shi ne haki. Da na kawo abu kusa da hanci sai ƙirji ya ɗauka aikinsa ne, in yi ta jan numfashi ta wuya har jiri ya ɗebe ni. Ƙirji ba ruwansa a nan. Ka bar numfashi ya tafi a hankali yadda ya saba, baki da harshe su yi nasu. Na biyu, leɓɓa sukan ɗan rabu ba ka sani ba, don haka ka zauna gaban madubi.

Akwai wata 'yar robar gwaji mai lanƙwasa da ruwa mai launi a ciki. Ana sa bakinta a kafar hanci ɗaya, a toshe ɗayar da yatsa. In ka yi daidai, za ka ga ruwan ya motso wajenka. Ranar da nawa ya motsa har tafi na yi, ma'aikaciyar tana ta dariya. In babu robar, abin ƙamshi ya isa shaida.

Ka fara da masu ƙarfi waɗanda ka san su tun yarinta: daddawa, ɓawon lemo, kanumfari, garin kofi, turare. Ka rufe ido wani ya miƙo maka, ka faɗi ko mene ne, don zuciya ta iya yaudara. Kada ka yi gwaji da man zafi irin Robb; sanyin nan da yake sawa a hanci wata jijiya ce daban ke jin sa, sai ka ɗauka ka warke alhali da saura. Ni kanumfari na fara kamawa, wata safiya bayan sallar asuba, na riƙe shi a hannu na daɗe ban ajiye ba.

Idan hannu ya faɗa, sai ka rage motsin. Haƙora a haɗe, harshe kaɗai ke sauka yana hawa, ba mai lura ko a cikin sahu. Wanda gashin ciwon daji da na'ura ya sandarar wa muƙamuƙi, wannan ƙaramin salon ya fi masa sauƙi. Wajen cin abinci kuma, tauna da baki rufe, a hankali, yana tura ƙamshi hanci ta baya.

Sai dai ƙamshi ba zai ƙara zuwa maka da kansa ba, kai za ka nema. Kana barci, ko hankalinka na kan rediyo, ba abin da za ka ji. Saboda haka duk shigata kicin sai na yi hammar nan sau shida kusa da tukunyar gas, madara ko miyar jiya kuwa sai na miƙa wa uwargida ta sansana kafin in kai baki. Tsaron tukunya dai har yau ba ta sake bar mini ba.