Hattara da kalmar spring

Jama'a masu koyon Turanci, ku riƙa lura da kalmar spring kafin ku fassara ta. Asalinta zabura ce, irin ta kyanwa idan ta hango ɓera: the cat sprang. Amma murɗaɗɗen ƙarfen nan na cikin biro ko katifa, wanda makanikai ke kira sifirin, shi ma spring ne. Idon ruwa ma haka, shi ya sa ruwan ɗumin Wikki na Yankari ake ce masa warm spring. A Ingila kuwa, Maris zuwa Mayu, bayan sanyi ya wuce, spring suke cewa.

Ni dai dabarata, in duba kalmar da ta zo kafinta. In na ga "in spring", lokacin shekara ake nufi. In "to spring" ne, wani abu ne zai yi zumbur.