Jinkar roba ko kwano: abin da nake gaya wa mai gini kafin ya biya kuɗin rufi

Sana'ata rufin ɗaki ce. Kwanan nan masu gini a ƙasashen zafi da yawan ruwan sama sun fi tambayata kan jinkar roba. Mutum ya gani a hoton wani otal na bakin teku, ta burge shi, sai ya ce irinta yake so. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne: me za mu shimfiɗa a ƙarƙashinta? Domin yawancin jinkar roba ado ce kawai, ba ita ke tare ruwa ba.

Ana yin ta ne da robar HDPE, irin wadda ake yin jarka da bututun ruwa da ita, ko PVC, ko nailan. Takan zo falle-falle, kowanne kamar tsawon mita guda, da zirin roba da aka yanka ya yi kamar shuci ko ganyen kaba. Kafinta zai fara bugawa daga ƙasa, layi na hawa kan layi har ƙololuwa. To kafin ya buga falle na farko, sai an riga an shimfiɗa filawud an rufe shi da shimfiɗar hana yoyo, ko kuma a ɗora ta kan kwanon da ke akwai. Ka ga rufi biyu ke nan za ka biya. Akwai nau'in da ke tare ruwa da kansa, ana buga shi kai tsaye kan katako, amma sai an ba rufin gangaren da kamfanin ya rubuta, galibi digiri 30 ko fiye. Rufin da ya kwanta, iska za ta cusa ruwa ta tsakanin layukan.

Inda aka fi ruɗin mutane shi ne batun sanyi. Jinkar ciyawa tana sanyaya ɗaki saboda kauri. Mai kyau takan kai santimita 30, iska na maƙale a tsakanin karare, zafin ciki kuma yana samun hanyar fita. Ta roba siririya ce, ba ta numfashi. Tana yi wa kwanon ƙarƙashinta inuwa, tana rage ƙarar ruwan sama sosai, wannan gaskiya ne. Amma sanyin ɗaki daga wani wuri yake zuwa: sarari tsakanin rufi da silin, ƙofar iska a ƙololuwa da gefe, abin tare zafi a kan silin, da bakin rufi mai faɗi da zai hana rana dukan bango. In babu waɗannan, ɗakinka zai yi kama da bukka daga waje, ciki kuwa tanda.

In ka ji har yanzu ita kake so, kada ka saya ta hoto. Ka sa a kawo maka falle ɗaya a hannu. Ka lanƙwasa zirin ka sake, ka yi ta yi. In ya yi fari a wurin lanƙwasar ko ya tsage, ka haƙura da shi. Ka yanki ɗan guntu, ka fita fili, ka kai masa ashana. Wanda aka haɗa da maganin hana cin wuta zai narke, wutar ta mutu da kanta da zarar ka janye ashanar, na banza kuwa zai ci gaba da ci yana ɗigar da narkakkiyar roba mai wuta. Wannan gwajin ido ne kawai, don haka ka nemi takarda. Gwajin wutar rufi da aka fi sani shi ne ASTM E108 ko UL 790 na Amurka, kuma aji na A ya fi kowanne. Ka karanta da kyau, don akan ba da shaidar ne ga rufin gaba ɗaya tare da shimfiɗar da aka gwada shi da ita. In ka canza shimfiɗar, takardar ba ta rufinka ba ce.

Babban abokin gabar roba rana ce. Wadda ba a zuba mata isasshen maganin kariya ba, launinta kan kode, ta bushe, ta fara karyewa. Na taɓa hawa wata rumfa da aka rufe da mai araha. Ina murza zirin da yatsa yana zama gari, indararo kuma cike da ɓurɓushin roba. Garantin kamfanoni galibi shekara 10 zuwa 20 ne. Ka duba ko ya haɗa da kodewar launi da kuɗin aiki, ko kaya kawai za a musanya maka. Mafi kyau, ka ce wa dillali ya nuna maka rufin da ya sha damina da yawa.

Don gidan da iyali za su zauna, ni kwano na fi ba da shawara. Ba shi da nauyi, kimanin kilo 5 a murabba'in mita, kuma shi ya fi dacewa da mai son tara ruwan sama. Ka nemi aluzin, wato ƙarfen da aka shafe da haɗin alminiyam kashi 55 cikin 100 da zink, wanda ya shigo kasuwa a 1972. Ya fi tsohon kwanon zink jure tsatsa. Kauri kada ya gaza milimita 0.45, launi fari ko mai haske, a ɗaure da sukuru mai robar hana yoyo maimakon ƙusa, musamman inda guguwa ke yawa. Kusa da teku gishiri na cin ƙarfe, can alminiyam zalla ya fi, da sukurun da ba ya tsatsa.

Tayil na yumɓu ko siminti yana daɗewa, ba ya tsatsa, amma nauyinsa kan kai kilo 40 zuwa 50 a murabba'in mita, sai an ƙara wa katako da bango ƙarfi. Zubin kankare yana shan zafi da rana ya sake maka shi da dare. Asbestos kuwa kada ma a kawo zancensa, ƙurarsa na haddasa cutar kansa.

Ciyawar gaske fa? Ba abin da ya kai ta sanyi. Sai dai tana son gangaren digiri 45, a wuri mai danshi ganyen kaba ko na kwakwa 'yan shekaru yake yi ya ruɓe, ga gara da ɓeraye, ga tsoron gobara, wasu kamfanonin inshora ma sukan ƙara kuɗi saboda ita. Waɗannan ne jinkar roba ta zo magancewa, kuma mai inganci ta magance mafi yawansu. Shi ya sa nake sa ta da hannu biyu a rumfar shan iska, wurin cin abinci, da masaukin baƙi, inda kyan gani ke jawo ciniki.

In za ka yi oda, ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awonka, duka daga zubi ɗaya, don launi kan ɗan bambanta tsakanin zubi da zubi, kuma za ka buƙaci na gyara nan gaba. Ka nisanta ta da bututun hayaƙin kicin da salansar janareto: HDPE na narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyos, tun kafin nan ma ta fara laushi tana lanƙwashewa.